Sannu Ba Yauwa

…Laraba dai, ƙarfe biyu da kwata na rana, ta duba agogon bango kafin ta ce su rufe ido. Ga su nan, ɗalibanta masu koyon aikin jinya, a jere kan kujerun ɗakin gwaji, tafin hannu a gwiwa. Darasin natsuwa. "Ku bi numfashinku kawai. Ya shiga, ya fita. In tunani ya zo, ku ba shi hanya ya wuce." Malama ce ta faɗa. Ita ce kuma nata ya zo ya zauna daram.

Ɗalibarta Auta ta zo. Ba ta zaci za ta zo ba. Ga ta can ƙarshen layi kusa da gadon Baba, ita kaɗai ce idonta a buɗe.

Baba — mutum-mutumin robar da suke koyon aiki a kansa. Wa ma ya raɗa masa sunan? An daɗe. Bakinsa a ɗan buɗe kamar zai yi magana ya fasa, fentin goshinsa ya koɗe don yawan shafa. An ja masa bargo har wuya. Koyarwarta ce. Kada ku bar shi a buɗe. Kada ku taɓa shi ba ku gaishe shi ba. Sannu Baba. Zan juya ka, Baba. Sabbin zuwa kan tuntsure da dariya, wata har ta ce, "Malama, ko surukinki ne?" Ita kuwa takan ɗaure fuska har sai bakinsu ya saba. Ya kuma saba. Ya saba fiye da…

Wayar Sista daga asibiti da safe. "Malama, 'yarki ce. Zo ki ji."

Tsohuwa ce a gadon bakin taga, ɗakin mata. An sa Auta ta goge mata jiki. Ta ja labule, ta gwada ruwan da gwiwar hannu, ta matse tawul. Sannu Kaka. Zan ɗaga hannunki, Kaka. Ruwan bai yi zafi ba ko? Sannu. Sista ta ce ta tsaya a bayan labule tana saurare, tana cewa a ranta, kai, wannan yarinya ta sami tarbiyya. Har mai ta shafa mata a dunduniya. Har gashi ta gyara mata. Sai da Sista ta ɗaga labulen — likita ya ce tun kafin a kawo ruwan, tsohuwar ta cika.

"Ba ta amsa miki ba, ba ki lura ba?" in ji Sista.

"Ai Baba ma ba ya amsawa."

Haka ta ce. Ba rashin kunya. Gaskiyarta ta faɗa.

Ya shiga, ya fita… Shugaban makaranta yana jira. Kafin a tashi yake son jin bakin Malama: yarinyar ta koma ɗakin marasa lafiya gobe, ko ta tattara kayanta. To me za ta ce? Ba ta kashe kowa ba. Ba ta tsallake ko ɗaya daga abin da aka koya mata ba. Labule, ruwa, tawul, gaisuwa. Da a jarrabawa ne da ta cinye duka. Ai nan abin yake, da ta cinye duka.

Kunnen tsohuwar nas irin Malama ba ya hutu. Ko ba ta so, sai ya bi numfashin ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Ga na mai mura. Ga na Dogo, wanda kullum barci ke sacewa a wannan darasi, ya farka ya ce ai natsuwarsa ce ta yi zurfi. Ga na Auta, gajere, a sama-sama kamar na tsuntsu. Ga kuma… wancan fa? Mai ja, mai nauyi, ya tsaya, ya tsaya har ka ce ya tafi, sannan ya dawo da ɗan kakari. Daga kusurwa. Fanka? Ai a kashe take. Famfon wanke hannu? Roba ba ta numfashi, haba, mace da furfurarki.

Amma ta san shi. A ina ta san shi?

Juriya. Bayan wannan za ta yi musu maganar juriya, ta ma shirya kalmomin a hanya. Mutuwa tana cikin aikinmu. Ku yi kukanku, ku wanke fuska, ku koma, mai gado na gaba bai san komai ba, ruwa yake so. Kada ku kwashi ɗakin asibiti ku kai gida. Ita ta iya wannan. Ta iya ajiye asibiti a bakin ƙofa kamar takalmi, ta shiga gida hannu wayam, ta tarar da Yaya—

Yaya.

Numfashin Yaya ne. Tun da ɓarin jikinta ya shanye haka take yi, ta ja, ta tsaya, ta dawo. Yaya da ta goya ta, ta yi mata kitso ranar da za ta fara wannan makaranta. Yanzu kalma ɗaya ta rage mata a baki, sai ta tattaro ta da ƙyar, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi: yau… wa. In ka yi haƙuri za ta zo. Da can Malama takan zauna a bakin gado ta jira ta. Yaushe ta daina?

Yau da safe. Wayar Sista, jaka a kafaɗa, makulli a hannu. Ta leƙa. Ta gyara bargo har wuya. Sannu Yaya, na tafi, mai aiki tana hanya. Ta ja ƙofa. An amsa? Ta ji ai. Ko na jiya ne ta ji? Ko na makon jiya? Bargon yana motsi? Ta duba? Mai aikin ma ta ce yau za ta kai ɗanta awo, sai dai in…

"Ku buɗe ido." Muryarta ce, amma kamar daga wani ɗaki. Kujeru suna ƙara. Dogo yana miƙa. Suna fita, kowa ya gifta gadon ya jefa, sai gobe Baba, sannu Baba, ba wanda ya ko waiwaya. Bakinsu ya saba. Ita ta saba musu.

Auta ba ta tashi ba. Hannunta a kan bargon roba.

"Malama, in na ce sannu… har yaushe zan jira?"

Sai ta ce mata me? Ta ce ki dawo gobe? Ta koya mata me, ita da… Wayar tana cikin jaka, jakar tana kan tebur, nan da can. In ta kira gida aka ɗauka. In ta kira ba a ɗauka ba.

An watse. Saura Malama, a tsaye. Saura Auta, tana jiran amsa. Saura Baba, da bakinsa a ɗan buɗe. Sai kuma numfashin nan na kusurwa, da ya ja, ya tsaya…

ya tsaya…