Kwamfutar Baba Ta Yi Yaji

Da Baba ya kira ya ce kwamfutarsa ta yi yaji, 'yarsa Injiniya ta bar ofis ta nufi gida. Ta same shi gaban tsohuwar na'urar da ya koya mata aiki a kai tun tana firamare. Yana cikin sabunta tsarin kwamfutar aka ɗauke wuta, babban laburare, wato kundin umarnin da kowace manhaja ke dogaro da shi, ya lalace. Kompaila ma, manhajar da za ta sake gina shi, ta ƙi tashi.

"Wanzami ne ya kwanta ciwo," in ji Baba. "Wa zai yi masa ƙaho?"

Ta yi dariya, ta tayar da kwamfutar daga filashi, ta kwafo lafiyayyen laburare ta mayar. Yana tsaye bayanta yana leƙe, yadda ita ma take leƙowa ta kafaɗarsa a da, tana cin biskit garinsa na zuba kan madannai.

Ta gwada harhaɗa ɗan shirin kwamfuta da kompailar, ya tafi lami lafiya.

"Kada ki tashi tukuna, akwai firinta ma."

Ta san firintar ƙalau take, amma ta cire takalmi ta gyara zama.