Ƙarfe a Bakin Mariyatu

Likita Ihsan ta gane muryar tun kafin ta ga fuskar. Tana wanke hannu a ɗakin duba marasa lafiya na ƙaramin asibitin haƙorin da ta buɗe a unguwar Gidan Dahala ta Sakkwato, sai ta ji wata mata a waje tana faɗa wa ma'aikaciyar jinya cewa ita fa ba ta saba zaman layi ba. Ihsan ta rufe famfo, ta kasa kunne. Mariyatu ce.

Tare suka yi sakandaren kwana. A lokacin haƙoran Ihsan na gaba sun turo waje, ko ta rufe baki sai sun leƙo. Mariyatu ce ta laƙa mata suna Gafiya, kuma ita ce ta riƙa ajiye mata totuwar masara a faranti a ɗakin cin abinci, wai ta gwaigwaya. Ranar musabaƙar makaranta Ihsan ta hau mumbari, ta ja ayoyi da muryar da malamai ke yabo, sai Mariyatu ta yi kukan ɓera daga bayan aji. Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Ihsan ta sauka ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma sake karatu a gaban jama'a ba. Sai da ta girma ta kama aiki sannan ta gyara haƙoranta da guminta, daga nan ta zurfafa karatu a kan wannan fanni.

Ta ɗaura ƙyallen rufe hanci da baki, ta ce a shigo da ita.

Mariyatu ta shigo da mayafi a bakinta. Yanzu atamfa da leshi take sayarwa, kuma rabin cinikinta ta waya ne: takan ɗauki bidiyo tana murmushi, tana baza kaya, mata na saye. Ta ce 'yar wushiryarta ce ta dame ta, sai wata mai gyaran jiki a Gidan Dare ta ɗaura mata wayar gyaran haƙori da araha. Da ta buɗe baki, Ihsan ta ga dasashi a kumbure, haƙoran gaba sun watse kowanne ya kama gabansa.

"Likita, ki taimake ni. Da fuskag ga nika cin abinci."

Ihsan ta cire wayar banzan, ta wanke wurin a hankali, sannan ta zayyana mata hanyoyin gyara. Akwai na ƙarfe, shi ne mafi sauƙin kuɗi, amma ya haura miliyan ɗaya, kuma duk wanda ya dube ka zai gan shi. Akwai mai launin haƙori, ya fi tsada. Sai na roba wanda ba a gani, ana sawa ana cirewa, kuɗinsa ya ninka na ƙarfen kusan sau uku.

"Wanda ba a gani nika so," in ji Mariyatu. "An ce kina bari a biya sannu-sannu."

Gaskiya ne. Malaman makaranta da 'yan kasuwa da dama Ihsan ta yi musu haka, wasu ma ta yafe musu rabi. Ta sa hannu ta sauke ƙyallen fuskarta.

"Kin shaida ni?"

Mariyatu ta ƙura mata ido, can sai ta tafa hannu. "La ilaha! Gafiya? Ke ta? Kai, amma kin gyaru!"

"Ihsan sunana. Kin tuna ranar musabaƙa?"

"Haba, wasan yara ne. Ke har yau kina riƙe da wanga abu?" Ta yi dariya, ta dafe baki saboda zafi. "To tunda gida ne, ai sai ki yi min ragi."

Da a ce kalmar haƙuri ɗaya ta fito daga bakin nan, Ihsan ba ta san abin da za ta yi ba. Amma dariyar ba ta canza ba, ita ce dai ta bayan aji. Ta mayar da ƙyallenta.

"Babu ragi, babu biya sannu-sannu. Kuɗi hannu, kafin in taɓa. In kin fi so, ki tafi Kano ko Abuja, ki riƙa zirga-zirga duk wata."

Mariyatu ta fita a fusace. Ta zagaya gari, ta tambaya, aka yi ta ce mata ta koma wurin Ihsan, domin ɓarnar ta yi yawa. Mijinta Ɗahiru ya zo da kansa roƙo, Ihsan ta ba shi ruwan sanyi, ta maimaita masa abin da ta faɗa. Har mahaifiyar Ihsan aka kai wa ƙara.

"Ke ɗiyar malamai ce," in ji tsohuwar. "Ramuwa ba ta dace da ke ba."

"Inna, ban cuce ta ba. Haƙƙinta zan ba ta cif. Alheri ne na hana, shi kuma nawa ne."

Daga ƙarshe Mariyatu ta sayar da sarƙar gwal ɗinta da awarwaro, kuɗin suka tsaya a kan na ƙarfe. Ihsan ta ɗaura mata shi da kyau, ba ta yi ha'inci ko a haƙori ɗaya ba. Da ta miƙa mata madubi, Mariyatu ta ga bakinta cike da ƙarfe yana walƙiya, idanunta suka kawo ruwa.

"Har yaushe?"

"Shekara biyu, in kin kiyaye."

Dole ta koma ɗaukar bidiyo, domin kaya ba sa sayar da kansu. Masu kallo kuwa ba su raga mata ba. Wani ya rubuta cewa Hajiya ta haɗiye kejin kaji, wata ta tambaya ko shingen ma na sayarwa ne. Sunan Mai Shinge ya bi ta har cikin kasuwa. Ihsan takan zauna bayan la'asar da kofin shayi, ta buɗe waya ta karanta maganganun ɗaya bayan ɗaya. Ba ta taɓa rubuta komai ba. Ba ta kuma taɓa jin tausayi ba, ko da ta lura Mariyatu ta fara magana da hannu a baki.

Duk wata Mariyatu na zuwa a ɗaure wayar haƙoranta. Ta daina faɗa da masu layi. Wata rana, tana kwance a kujera, ta riƙo hannun rigar likitar.

"Ihsan, haka kinka ji?"

"Ni shekara shida na yi, kuma ina yarinya."

"Ki gahurta min."

Ihsan ta janyo fitilar aiki kusa. "Na ji. Buɗe baki."

Ƙarfen bai sauka ba sai da lokacinsa ya cika. Haƙoran suka jeru reras, har mata suka riƙa tambayar Mariyatu inda aka yi mata aikin. Takan ce a Abuja ne. Da labarin ya iso kunnen Ihsan, ta ɗaga kafaɗa, ta ce wa ma'aikaciyar jinya ta shigo da mai bi.