Deegii Ta Tafi Garin Masara

Ƙanwata Delgermaa, da muke kira Deegii, ta samu gurbin karatun harkar kuɗi a jami'o'i biyu na Amurka. Ɗaya tana New York, mai suna ce, har direbobin tasi na Darkhan, birnin da ke kusa da mu, sun san ta, amma rabin kuɗin makaranta kawai za ta ɗauke mata. Ɗayar tana wani ƙaramin gari a tsakiyar gonakin masara, sai da muka yi ta faɗaɗa taswira a waya kafin ya fito. Su suka ce ta zo kyauta, har da ɗakin kwana, in za ta riƙa taimakawa a kicin.

Ranar Lahadi muka taru a tantin Kaka, lokacin haihuwar tumaki. Kawu Batsaikhan, yayan Inna, bai ko gama shayinsa ba ya yanke hukunci.

"New York. Magana ta ƙare. Zan sayar da dokina."

Dokin ya taɓa zuwa na huɗu a tseren gundumarmu, lokacin ina firamare.

Baba ya ce, "Wa zai saya?"

"Akwai masu nema."

"Mahauta?"

Kawu ya ajiye kofi, ya kira Baba da sunansa. "Ganzorig, matsalarka ke nan. Yarinya za ta koyi harkar kuɗi, ka tura ta garin da ko banki babu?"

"Akwai ɗaya, Kawu," in ji Deegii. "Na duba."

"Ɗaya!"

Inna ta ce, "Yaya, kai ma ai ɗaya kake zuwa, kuma ba sa murnar ganinka."

Kaka tana shayar da wani ɗan rago da kwalba. Ba ta ɗago ba ta tambaya ko ana cin naman tunkiya a can. Deegii ta ce kaza suka fi ci.

"Duka garuruwan biyu?"

"Duka, Kaka."

"To ai duk ɗaya ne," in ji Kaka.

Ni na san New York Deegii take so, don hoton gadar garin ne a fuskar wayarta tun tana aji uku. Bayan kwana biyu, da asuba saboda bambancin lokaci, ta kira ofishin tallafin jami'ar, ta roƙi ƙari, ni da Baba muna gefenta. Matar da ta ɗauka ta ce ta ga iyalinmu suna da garke, ko za a iya sayar da wani ɓangare? Deegii ta fassara wa Baba.

Baba ya yi tunani. "Ce mata sanyin hunturu ne yake fara zaɓar waɗanda zai kashe. Abin da ya bari shi ne namu."

Deegii ta faɗa mata. Matar ta ce ta fahimta sosai, kuma ba ta ƙara ko sisi ba.

Da hantsi na same ta a garken 'yan raguna idonta jawur. Ta ce hayaƙin murhu ne. Babu murhu a garke, amma na ce haka ne. Da yamma ta amsa wa mutanen garin masara.

A shekararta ta farko tana wanke farantai, tana aiko mana hoton masara. Wata safiya dusar ƙanƙara ta sauka, iya idon sawu, aka rufe makaranta. Deegii ba ta duba saƙo ba, don a yadda muka saba da ita a gida, bai zo mata a rai cewa wannan abin rufe makaranta ne ba. Ta je aji ta zauna ita kaɗai. Malamin, wani dattijo da ya shigo ɗaukar kayansa, ya tarar da ita ta buɗe littafi. Kunya ta sa ya koyar da darasin gaba ɗaya. Daga baya ya ɗauke ta aikin bincike, ta bar kicin.

Yanzu tana shekara ta uku. Kwanan baya Baba ya kira ta a kan ulun awaki, ko ya sayar yanzu ko ya jira farashi ya tashi. Ta yi masa dogon bayani, ta ƙare da cewa ya danganta da yadda kasuwa ta kasance.

Baba ya ce, "Madalla, 'yata." Ya kashe waya, ya dube ni. "Je ka tambayo mini Kakarku."