Wurin Zaman Kanal

A wancan hunturun, a tsaunukan Gangwon, ko yawu mutum ya tofar kafin ya kai ƙasa ya daskare. A lokacin ne Kyaftin Yeom ya gano cewa takalman auduga da aka raba wa sojojinsa suna zubar da mutuncin runduna. Kanal zai zo duba fareti, kuma a ganin Kyaftin gara a ga soja a mace da a gan shi da ƙafar agwagwa. Sai ya ce kowa ya koma takalmin fata, a goge har ya ɗauki ido.

Kofur Tak Man-ho ya sa takalmin fata kamar kowa. Kafin shigarsa soja ɗan dako ne, mai hawa dutse da buhun gawayi a gadon baya, kuma saura wata biyu a sallame shi ya koma sana'arsa. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin takalman nan biyu.

Tun fitowar rana suka jeru cikin dusar ƙanƙara. Kanal bai ga damar isowa ba sai da rana ta raba. Da fari yatsun ƙafar Tak zogi suke yi, daga baya suka yi shiru, shi kuwa ya san shirun ya fi zogin muni. Na kusa da shi ya raɗa masa cewa ya kwantar da hankali, ko ƙafar ta tafi ai takalmin yana nan, kuma takalmin ne Kyaftin ya fi ƙauna.

Da aka ce a taka, Tak ya zube kamar an sare itace, a gaban Kanal. Aka cire takalmi, sai ga yatsu fari fat, da tauri kamar kyandir. Saje Pyo, mai ba da magani, ya ce a kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi, kada a kai shi kusa da wuta.

Amma Kanal ranar ya tashi da sha'awar zama uban talakawa. Ya sa aka ɗauki Tak zuwa gidan mai gari, inda aka shirya wa Kanal liyafa. Tun safe ake zuba itace a murhun da ke ɗumama daɓen ɗakin ta ƙarƙashi dominsa, har takardar da aka lulluɓe daɓen da ita ta yi baƙi a gurbin da ya fi zafi, gurbin da ba a ba kowa sai babba.

"Ɗana, zauna a wurina," in ji Kanal. "Miƙe ƙafa, kada ka ji kunya."

Pyo ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ƙafar ba ta ji. Za ta ƙone bai sani ba."

"Kai Saje," in ji Kyaftin, "Kanal ya haifi kamarka. Kai za ka koya masa jin ɗumi?"

Tak ya san Pyo ke da gaskiya, don ya ga irinta a ƙauyensu. Sai dai bai taɓa ganin wanda babba ya ba wurinsa ya ce a'a ba. Ya zauna, ya karɓi giyar shinkafa da hannu biyu, ya kau da fuska ya sha kamar yadda aka koya masa yi a gaban manya. Kanal ya shiga ba da labarin ƙuruciyarsa, yadda su suka ƙetare tsauni da takalmin ciyawa. Labarin yana da tsawo, tsaunin ma sai ƙaruwa yake yi. Matar mai gari ce, da ta shigo da miya, ta tsaya tana tambaya wane ne ya bar nama a wuta. Ashe ƙafar Tak ce.

Yatsu bakwai likita ya yanke. An yaba wa Kyaftin Yeom saboda tsaftar fareti.

Tak ya koma gida da sanda, katakon da yake goya kayan dako da shi yana rataye a bango. Har yau uwarsa na gaya wa baƙi, da alfahari, yadda Kanal sukutum ya tashi ya ba ɗanta wurinsa. Saboda wannan martaba, yanzu a gidan ma shi ake bar wa gurbin zafi. Shi kuwa yakan ja jiki ya zauna bakin ƙofa, inda iska ke shigowa.