Bututun da Aka Rufe da Hannu

A bakin ƙofa Auta ta yi kiciɓis da Baba, ya rataya jakar kwamfuta a kafaɗa, yana laluben takalminsa da ƙafa. Ya ce wajen mai gyara za shi, tunda 'yarsa da asibiti guda ya dogara da ita kan kwamfutoci ta kasa gyara ta ubanta. Mama ta leƙo daga kicin ta ce ai dama ɗan masaƙi da tsumma yake yawo.

Auta ta tare ƙofar. Duk mai gyaran da ya buɗe manhajar tsaron kwamfutar zai ga abin da ta yi, kuma masu gyara ba su iya riƙe baki ba. Ta karɓi jakar da hannu biyu, ta ce ya koma ya zauna, yau ba za ta bar gidan ba sai imel ɗinsa ya tashi.

Baba injiniyan ruwa ne, ya yi ritaya bara. Jikinsa ne kawai ya dawo gida, zuciyarsa tana can wurin injinan turo ruwa. Kullum da hantsi zai sa tabarau ya rubuta wa tsohon ofishinsu doguwar shawara: a duba wancan famfo, a wanke wancan tanki, kada a yarda da sabon mita. Auta ba ta ga laifin haka ba, sai ranar da wata ƙawarta, sakatariya a ofishin, ta gaya mata cikin raha cewa saƙonnin Injiniya su ne abin shan shayinsu. Wani yakan miƙe ya karanta da muryar Baba, har da gyaran muryar da yake yi, sauran suna riƙe ciki.

A makon ta zo gida ta ce za ta sabunta masa manhajar tsaro. Ta shiga inda ake tantance abin da zai fita intanet da abin da ba zai fita ba, ta nemo manhajar imel, ta danna "hana". Tun daga lokacin saƙo bai fita ba, bai shigo ba. Da ya yi ƙorafi ta ce sabis ne. Da ya sake yi ta ce kamfanin intanet ne. Ƙarya kuwa fure take ba ta 'ya'ya, sai dai tata ta daɗe tana furen, don watanni sun shige.

Abin da ya fi cin ranta shi ne Baba bai daina rubutun ba. Yana rubutawa, suna taruwa a akwatin fita. Kuma duk baƙon da ya zo sai ya gaya masa cewa yanzu haka yaran ofis suna can suna nemansa ruwa a jallo, damina ta kusa, ba wanda ya san halin tsohon bututun bayan tasha sai shi, ga kwamfuta ta ƙi.

Yau ga shi ta ɗora kwamfutar a teburin falo. Baba ya jawo kujera ya zauna dab da ita, har tana jin ƙamshin man zafin da yake shafa wa gwiwarsa. Ta so ya ba ta wuri, ta ce ko zai je ya sha shayinsa, ya ce ya sha. Dole ta fara wasan kwaikwayo. Ta kashe na'urar intanet ta kunna. Ta duba kalmar sirri, ta duba adireshin da saƙo ke bi, tana gyaɗa kai kamar likitan da ya rasa gane ciwo. Kunya ta ishe ta. Mutumin da ya koya mata riƙe sukudireba ne take yi wa wannan rawar.

Daga ƙarshe ta buɗe manhajar tsaron. Ga jerin nan, kowace manhaja da koren alama, imel kaɗai da ja. Ta ɗan karkata kafaɗa ta tare fuskar kwamfutar, ta mayar da shi "bari". Ta ce da alama tsaron ne ya yi yawa, ya ɗauki imel ɗin a matsayin ɓarawo. Baba ya ce, "Ikon Allah."

Kafin ta yi tunanin tsayar da su, saƙonnin da suka taru suka fara ficewa ɗaya bayan ɗaya. Ta runtse ido, tana hango mai kwaikwayon nan ya samu abin karantawa har ƙarshen shekara. Sai kuma masu shigowa suka fara zuba. Baba ya gyara tabarau, ya matso, ya ƙwala wa Mama kira ta zo ta gani.

Tallan takalma. Tallan inshora. Tunatarwa daga asibitin ido. Gayyatar taron tsofaffin ɗalibai da ya riga ya wuce. Ya ce ta yi ƙasa, ta yi. Ya ce ta koma sama a hankali, ko sun tsallake. Ta koma. A duk watannin nan babu ko layi ɗaya daga ofis, ko na tambayar lafiya.

Sai kwamfutar ta yi ƙara, ga sunan ofishin ya bayyana. Fuskar Baba ta washe. Wani saƙon ya sake shigowa, wani ya biyo shi, duk magana ɗaya: an karɓi saƙonka, za a duba. Ya karanta na farko, ya karanta na biyu, bai tambaya ko mutum ne ya rubuta ko na'ura ba. Mama ta ce tana jin ƙauri, ta koma kicin, alhali ba ta ɗora komai ba.

Baba ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Rayuwata duk a kan bututu na yi ta. Na san wanda ya toshe da kansa, na san wanda aka rufe da hannu."

Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, za ta kawo zancen ƙawarta da shayin, ya ɗaga mata hannu. Ya ce bai tambaye ta dalili ba, ya san ba ta rasa shi ba. Ya ce shi ma da nasa laifin, don da ya bar jakar nan a inda take, da har yanzu ana nemansa.

Ya dafa teburin ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara. Ya ɗauki butarsa a bakin ƙofa, sannan ya waiwayo.

"Tunda kin san inda makunnin yake, mayar ki rufe. In baƙi sun tambaya, sabis ne."

Ta zauna ita kaɗai da jerin a gabanta, imel ɗin da koren alamarsa. Wancan karon da ta yi a ɓoye, nan take ta danna. Yanzu da aka ba ta izini, ta ɗora yatsa ta kasa dannawa, tana jin Baba a tsakar gida yana gaya wa Mama famfon nan yana ɗiga, a miƙo masa sifana.