Wayar da Yahuza Maƙeri Ya Ɗaura wa Motar Kumandan

Shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya kawo mota ƙasar Damargu daga Zinder, babu hanyar kirki tsakanin Tanut da Falanko sai sawun raƙuma, shi ma aduwa da farar ƙaya sun rufe shi ta ko'ina. Motar buɗe take ta gefe, rufin tamfol ne a sama, sai gilashi guda a gaba. Duk reshen da ta kutsa sai ya daki gilashin, ko ya faɗo ciki ya yagi mutum.

Mai tuƙa ta Garba ne, mutumin Zinder. A barikin soja ya koyi tuƙi, kuma bai ɗauki talakan Damargu a bakin komai ba. Dabarar da ya fito da ita, duk garin da suka isa a ba shi namiji guda ya tsaya a kan matakin motar da sanda a hannu, yana ture rassa har gari na gaba.

Ranar da suka tsaya Falanko, Yahuza maƙerin garin ya zagaya motar sau biyu, sannan ya rusuna gaban Garba.

"Ranka ya daɗe, na ga guntayen wayar tangaraho zube a bariki. In aka murɗa su uku-uku, aka ɗaura daga hancin motar zuwa rufi, reshe zai hau wayar ya zame ta sama. Ba sai an ɗora mutum ba."

Garba ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai da ba ka wuce fartanya ba, kai za ka gyara wa Nasara ƙira?" Ya waiga cikin taro, ya nuna Ila, wan Yahuza. "Kai dogo, hau."

Ba su kai Ollelewa, gari na gaba, ba reshen aduwa ya kuɓuce wa sandar ya zabgi Ila a fuska. Garba bai ko kashe mota ba, ya ce wa Ila ya sauka, wai yana ɓata masa wuri da jini. Wani makiyayi ne ya jawo shi gida bayan kwana biyu, idon dama ya tsiyaye.

Yahuza ya wanke wa wansa fuska da hannunsa. "Yaya, ka bar ni da shi," ya ce. Ila ya ce ya bar wa Allah.

Damina ta yi nisa, itatuwa suka ƙara cika. Wata rana wani reshe ya farfasa gilashin motar, aka yi wata guda ana jiran sabo daga Zinder, kumandan yana rangadi a kan doki yana zagin Garba. Da sabon ya iso, sai ga gardi, ɗan sandan bariki, ya zo Falanko, wai maƙeri ya zo Tanut da kayan aikinsa.

"Wannan shirmen naka na waya," in ji Garba da Yahuza ya isa, bai ko dube shi ba, "yi shi mu gani. In kumandan ya tambaya, ni na ƙirƙiro."

"To, ranka ya daɗe."

Yini biyu Yahuza ya yi yana murɗa waya da awartaki, yana ƙera ƙugiyoyi. Ta gefen kumandan ya ja wayar har ƙolin rufi, yadda reshe zai hau ya wuce. Ta gefen matuƙi kuwa ya tsayar da ita a bakin gilashi, ƙasa da rufi da taƙi guda, ya ɗan karkato ta waje. Ya san reshe zai hau ta ya lanƙwashe kamar baka, in ya kai ƙarshe ya suɓuce daidai inda fuskar mai tuƙi take. Ya auna da tsayin Garba a zaune, sau uku. Wanda bai san ƙira ba zai rantse wayoyin biyu daidai suke.

Garba ya ja su da yatsa, suka yi ƙara. Ya ce da maƙerin ya kama gabansa.

Da yake yanzu babu mutum a kan mataki, Garba ya saki mota a guje don ya burge kumandan. Ƙananan rassa suka riƙa wucewa ta sama, kumandan yana gyaɗa kai. A kwarin da ke kafin Falanko suka haɗu da wata ƙatuwar farar ƙaya. Manoman da ke girbin gero a kusa sun ce sun ji ihun kafin su ga motar ta saki hanya ta afka cikin sabara. Ƙayoyi sun tsaga fuskar Garba daga kunne zuwa hanci, sun tafi da idon hagu. Kumandan ko ƙwarzane bai yi ba.

A kan amalanken shanu aka ratsa da Garba ta tsakiyar Falanko, kansa naɗe da rawani. Yahuza ya fito bakin maƙera ya tsaya. Bai yi masa sannu ba, ya bi shi da kallo har amalanken ya ɓace, sannan ya koma ya ci abincinsa har ya yi ƙari. Garba bai sake tuƙi ba.

Babu wanda ya zargi maƙerin, tunda Garba da bakinsa ya gaya wa kumandan dabarar tasa ce. Kumandan ya tsaya gaban motar ya dubi wayoyin, ya ce aikin banza ne, a kwance su a zubar. Yahuza ya san taƙi guda ya rage wayar gefen matuƙi ta yi aiki, amma in ya faɗa ya tona kansa, sai ya ja bakinsa.

Bayan girbi umarni ya fito daga bariki, kowane gida ya ba da namiji guda, a sare itatuwan hanya tun daga Tanut har Ollelewa. Wata biyu aka yi ana sara cikin rana. Yahuza ya ƙera gatura arba'in, ya kuma ɗauki guda ya shiga sahu a madadin gidansu.