Huji Biyu a Majayin Dattijo

Tun da na ga mai barga ta rubuta ɗana shi kaɗai a allon fita na safiyar nan, jikina ya ba ni wani abu zai lalace, kuma na san da hannuna a ciki.

Shekarata tara a ƙasar nan ina jan baƙi yawo a kan dawaki. Mu ba su hular kwano, mu ɗora su, mu bi da su ta gefen daji, mu gangara rafi mu dawo. Awa biyu, sau uku a rana. Dole haƙorinka ya kasance a waje ko bayanka na ciwo. Sukan tambaye ni ko a kan doki aka haife ni a ƙasarmu, in yi dariya in ce haka ne, alhali a nan na fara hawa, bayan na shekara biyu ina kwasar kashinsu.

Wata bakwai da suka wuce na roƙi mai barga ta ɗauki babban ɗana. Dogo suke ce masa a wurin. Takardar zamansa a jikin aikin take, ranar da aikin ya tafi ita ma ta tafi. Ya fi ni karatu, ya fi ni iya yarensu, baƙi na son sa. Sai dai zuciyarsa a kusa take. Makonsa na farko na gyara masa riƙon linzami a gaban mutane, ya yi kwana uku bai ci abinci da ni ba, har ya ce zai shiga birni wankin mota. Daga ranar na daina gyara masa da baki, na koma gyarawa da hannu.

Cikin dawaki biyar da aka ba shi akwai wani tsoho da muke kira Dattijo, saboda sanyin halinsa. Shi ake ba matsorata. Amma yana da wayo guda. Da ya ji sirdi a bayansa sai ya kumbura ciki. Ka ja majayi, wato ɗamarar da ke bi ta ƙarƙashin ciki ta riƙe sirdin, ka ji ya kama tamau. Taku goma zai yi ya sauke numfashi, majayin ya saki. Sai an dawo an ƙara huji biyu. Kullum da safe, idan Dogo ya gama ɗaura sirdi, nakan zagaya kamar ina duba likkafa, wato ƙarfen da mahayi ke sa ƙafa, in ƙara hujin nan biyu in wuce. Ban taɓa gaya masa ba. Kullum sai in ce gobe.

Fitar safiyar nan gwajinsa ce. Mai barga ta ce in ya kai mutane ya dawo da su lafiya shi kaɗai, za ta sabunta masa takarda. Ni kuma aka ba ni wata tawagar da za ta tashi bayan rabin awa.

Ya jera dawakinsa a bakin shinge. Na taho na nufi Dattijo, sai Dogo ya sha gabana.

"Baba, don Allah yau kam ka bar ni."

"Likkafar nan kawai zan duba."

"Wata bakwai kana duba likkafa. Tana kallonmu ta taga. In ta ga ka taɓa dokina, cewa za ta yi har yanzu a goye nake."

Mai gyaran kofato, ɗan ƙasarmu ne kuma sa'ana, yana tsugune da ƙafar wata goɗiya a cinyarsa. Ya ɗago yana dariya.

"Kai dai ka cika tsoro. Yaro da gemunsa! Ko ka kawo zani ne mu ɗaure maka shi a baya?"

"Gaya masa dai, Kawu," in ji Dogo.

Baƙi suka ga ana dariya, su ma suka yi ba su san dalili ba. Maganar ta zo har bakina. Kalma nawa ce? Ƙara wa Dattijo huji biyu. Amma in na faɗa a nan, zai tambaye ni tun yaushe, a gaban kowa, da safiyar gwajinsa. Na ce wa raina ai matar da za ta hau Dattijo ba ta da nauyi, kuma tafiya ce kawai ba sukuwa. Na mai da hannuna baya, na tsaya ina kallo har suka shige cikin itatuwa.

Ban fita da tawa tawagar ba. Ina cikin ɗora mutum na uku na ji ƙarar kofato, na waiga, sai ga Dattijo shi kaɗai, sirdi ya juya yana reto a ƙarƙashin cikinsa.

A gangaren rafi abin ya faru. Sirdin ya zame, matar ta faɗo a kan duwatsu, ƙashin kafaɗarta ya karye. Na tarar da Dogo a durƙushe ya tallafe mata kai, yana yi mata magana a hankali kamar yadda aka koya mana. Komai ya yi daidai, sai abin da ban koya masa ba.

Da motar asibiti ta tafi, mai barga ta kira mu ofis. Ɗan ƙaramin ɗaki ne mai warin fata da man sirdi, kujera ɗaya ce, kuma tata ce. Ta ɗora majayin a kan tebur.

"Wa ya ɗaura wannan?"

Na ce ni ne.

"Ba shi ba ne," in ji Dogo. "Ni na ɗaura, kuma na ja shi har ya kama. Na rantse ya kama."

Ta dube ni. Ta san Dattijo, ita ta nuna min halinsa shekarun baya.

"Ba ka gaya masa ba?"

Na girgiza kai.

"To wa ke ƙara wa Dattijo huji duk watannin nan?"

Na ce ni ne. A karo na biyu gaskiya na faɗa.

Ta ce mu fita. Mijin matar zai zo da lauya ranar Litinin, sai ta ji abin da suka ce kafin ta yanke shawara. Kafin nan kada ɗayanmu ya hau doki. Ta ƙara da cewa abu ɗaya ta tabbatar, ba za ta sake haɗa uba da ɗa a barga guda ba.

A bayan rumbun ciyawa Dogo ya tsaya. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Wata bakwai, Baba. Ina yawo ina jin na iya aiki, ashe bina kake kana gyarawa."

"Tsoro nake kada ka yi fushi ka tafi."

"To ga shi ban tafi ba. Korata za a yi."

"Zan ce mata ni ta kora. Na tsufa da aikin ma."

"Ƙannena kuma su ci me? Ko shi ma za ka zagaya ka gyara ba tare da kowa ya sani ba?"

Ya ɗauki shebur ya shiga ɗakin dawaki. Ni ma na ɗauki nawa, na fara daga ɗaya ƙarshen. Mai gyaran kofato ya wuce mu kansa a ƙasa.

Yau kwana uku ke nan muna kwasar kashi. Ɗakin kwananmu ɗaya, gadona na kallon nasa, tukunyarmu ɗaya, amma ban da gaisuwar safe babu abin da ke haɗa mu. Mahaifiyarsa ta kira jiya daga gida tana tambayar yadda gwaji ya kasance, na ce mata ba a gama ba. Ga shi ban daina ɓoye-ɓoyen ba ke nan.

Gobe Litinin. Ban san ko matar za ta sake ɗaga hannun nan kamar da ba. Ban san wanda mai barga za ta riƙe a cikinmu ba, ko ma za ta riƙe wani. In kuma shi ta bari, ban sani ba ko zai yarda ya zauna.